Gasar Koshien

Koshien suna ne da ake kiran gasa biyu na ƙwallon besbol waɗanda ɗaliban manyan makarantun sakandare na ƙasar Japan ke bugawa kowace shekara a filin wasa na Hanshin Koshien, a birnin Nishinomiya da ke lardin Hyogo, tsakanin Osaka da Kobe. Ana fara ɗaya a watan Maris, ɗayar kuma, wadda ta fi girma da daɗewa, ana yin ta a watan Agusta. Wannan fili shi ne gidan ƙungiyar Hanshin Tigers, ɗaya daga cikin ƙungiyoyi 12 na babbar gasar ƙwararru ta Japan. Sai dai tun asali saboda gasar ɗalibai aka gina shi, kuma har yau idan lokacin gasar ya zo ƙwararrun ne ke tattara kayansu su bar wa ɗalibai filin. Tashar NHK ta ƙasa tana nuna wasannin kai tsaye, kuma gasar na cikin harkokin wasanni da aka fi bibiya a Japan.

Yadda ake wasan

Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa a besbol, kowace da 'yan wasa tara a fili. Mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai bugu na ɗaya ɓangaren kuma yana ƙoƙarin make ta da sanda. Idan ya same ta sai ya ruga, yana bin tashoshi huɗu da aka jera a kusurwoyin fili. Duk wanda ya zagaya ya dawo tashar da ya taso ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Da zarar an fitar da masu bugu uku sai a yi musanya, masu tsaro su koma bugu. Idan kowane ɓangare ya yi bugu sau ɗaya an kammala zango guda ke nan, kuma zango tara ake yi a cikakken wasa. Ba a ƙayyade wasan da agogo, don haka idan aka yi kunnen doki bayan zango na tara sai a ci gaba. Mai jifa ne ya fi kowa shan wahala, domin yakan yi jifa sama da 100 a wasa guda, kowane da iya ƙarfinsa.

Wani malami ɗan Amurka mai suna Horace Wilson ne ya koya wa ɗalibansa wasan a Tokyo a shekarar 1872. A makarantu wasan ya fara kafuwa a Japan, kuma sai a shekarar 1936 aka fara gasar ƙwararru. Wannan ne ya sa besbol na ɗalibai ya riga na ƙwararru samun magoya baya da kuma filin wasa.

Tarihi

Jaridar Asahi ta Osaka ce ta shirya gasar farko a watan Agustan 1915 a filin Toyonaka. Makarantu 10 ne suka shiga, kuma wata makaranta daga Kyoto ta yi nasara. A 1917 aka mayar da gasar filin Naruo, amma cikin 'yan shekaru wurin ya yi wa jama'a kaɗan. A 1923 'yan kallo suka yi yawa har suka malalo cikin fili, aka dakatar da wasa. Ganin haka kamfanin jirgin ƙasa na Hanshin ya gina sabon fili a gefen layin dogonsa cikin ƙasa da wata biyar, aka buɗe shi ranar 1 ga Agusta, 1924. Sunan Koshien ya fito ne daga tsohon lissafin shekaru na Sin da Japan mai zagayen shekara 60, domin 1924 ita ce shekarar farko a sabon zagaye, wadda ake kira Koshi, kuma ana ɗaukarta a matsayin shekara mai sa'a.

A wannan shekara ta 1924 jaridar Mainichi ta fara tata gasar a Nagoya, wadda ake kira Senbatsu, wato zaɓaɓɓu. Daga 1925 ita ma ta koma Koshien. A 1934 tawagar ƙwararrun Amurka da ta ƙunshi Babe Ruth ta yi wasa a filin. An kafa ƙungiyar Tigers a ƙarshen 1935, ta fara wasa a 1936, shekara 12 bayan ɗalibai sun fara amfani da wurin.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu makarantu daga yankunan da Japan ke mulka, wato Koriya da Taiwan da Manchuriya, suna zuwa gasar. A 1931 makarantar aikin gona ta Kagi daga Taiwan ta kai wasan ƙarshe, inda Chukyo Shogyo ta Nagoya ta doke ta. Chukyo ta lashe gasar sau uku a jere, daga 1931 zuwa 1933.

An sha dakatar da gasar watan Agusta. A 1918 tarzomar tsadar shinkafa ta hana a yi ta. Daga 1941 zuwa 1945 yaƙi ya tsayar da ita, har aka kwance rufin ƙarfen filin a 1943 aka miƙa wa soja. Bayan yaƙin sojojin Amurka suka karɓe filin, shi ya sa aka yi gasar 1946 a wani fili dabam a Nishinomiya, aka dawo Koshien a 1947. A 2020 annobar korona ta sa aka soke duka gasannin biyu.

Filin wasa

A yanzu filin yana ɗaukar 'yan kallo kusan 47,000. Daga tashar bugu zuwa katangar hagu ko ta dama mita 95 ne, zuwa ta tsakiya kuma mita 118. Cikin fili, inda tashoshin suke, baƙar ƙasa ce da aka gauraya da yashi, wajen kuma ciyawa ce. Masu kula da filin suna sauya yawan yashin gwargwadon yanayin shekara, domin ƙasar ta tsotse ruwan sama kuma ƙwallo ta fito sosai a ido. Wata ciyawa mai yaɗo ta lulluɓe bangon waje tun shekarar da aka buɗe shi. An cire ta lokacin babban gyaran da aka yi daga 2007 zuwa 2010, sannan aka sake dasawa. Filin na kusa da teku, kuma iskar da ke tasowa daga can takan kaɗa daga dama zuwa hagu, ta tare ƙwallon da aka ɗaga sama ta ɓangaren dama.

Akwai manyan rumfunan kallo biyu masu tsawo a gefen dama da hagu, waɗanda ake kira Alps tun 1929, saboda fararen rigunan 'yan kallo sun sa sun yi kama da duwatsun Turai masu dusar ƙanƙara. A nan ne magoya bayan makarantu biyun da ke karawa suke zama.

Tsarin gasa

Hukumar Besbol ta Manyan Makarantun Sakandare ta Japan ce ke gudanar da gasannin, tare da jaridar Asahi a watan Agusta da jaridar Mainichi a watan Maris.

Makarantu 49 ne ke zuwa gasar Agusta. Japan na da larduna 47, kowane yana turo zakaransa, in ban da Tokyo da Hokkaido da ke turo biyu-biyu. Tun 1978 ake bin wannan tsari, sai dai a shekarun biki akan ƙara yawan, kamar 2018 da aka yi gasa ta 100 da makarantu 56. Kafin a kai nan, sama da ƙungiyoyi 3,000 ne ke fafatawa a gasannin larduna a watannin Yuni da Yuli. Yawan ya haura 4,000 a farkon shekarun 2000, daga baya ya ragu sakamakon raguwar yara a ƙasar, har wasu ƙananan makarantu suna haɗa 'yan wasansu su fito a ƙungiya ɗaya.

Tun daga lardi har zuwa wasan ƙarshe tsarin sili-ɗaya-ƙwale ake bi. Wanda aka doke sau ɗaya ya fita. Shekara uku ake yi a babbar sakandare a Japan, saboda haka ga ɗan ajin ƙarshe rashin nasara ɗaya na nufin ya gama besbol na makaranta. Wanda ya lashe gasar ana ba shi babbar jar tuta, ya riƙe ta shekara guda ya dawo da ita.

Gasar Maris ta gayyata ce. Kwamiti ne ke zaɓar makarantu, yawanci 32, bisa ƙoƙarin da suka yi a wasannin yankuna na ƙarshen shekarar da ta gabata. Tun 2001 ana ware gurabe kaɗan ga makarantun da suka yi ƙoƙari duk da ƙarancin ɗalibai, ko rashin kayan aiki, ko wani bala'i da ya auka wa yankinsu. Lashe gasannin biyu a shekara ɗaya abu ne mai wuya. Sakushin Gakuin ce ta fara yin haka a 1962, Osaka Toin kuma ta yi sau biyu, a 2012 da 2018.

Ba a biyan 'yan wasan kuɗi, alƙalan wasan ma masu sa kai ne da ke da sana'o'insu. Tun 1974 aka amince wa ɗalibai su yi amfani da sandar ƙarfe, saɓanin ƙwararru da ke bugu da ta katako.

Ƙaurar Tigers

Gasar ƙwararru ta Japan tana gudana daga ƙarshen Maris zuwa Oktoba, don haka gasar Agusta tana faɗowa ne a tsakiyar kakar wasa. Tigers sukan bar filin na kusan mako uku ko fiye, suna wasa a wasu wurare. Magoya bayansu sun daɗe suna kiran wannan lokaci da tafiyar mutuwa, domin a da 'yan wasan sukan shafe makonni suna kwana a otal cikin tsananin zafi, kuma sau da yawa matsayin ƙungiyar a teburi yakan faɗi kafin ta dawo gida. Abin ya yi sauƙi tun 1997 da aka buɗe rufaffen filin Osaka Dome, wanda yanzu ake kira Kyocera Dome Osaka. Tigers suna karɓar baƙuncin wasu wasanni a can, 'yan wasan kuma suna iya kwana a gidajensu. Haka ma a farkon kaka, idan gasar Maris ba ta ƙare ba, a can suke buga wasanninsu na farko na gida.

A 2020, da aka soke gasar, Tigers da hukumar filin sun ɗebi ƙasar Koshien suka zuba a cikin 'yan maƙalan makulli, suka aika wa 'yan wasan ajin ƙarshe na makarantun ƙasar. An kuma gayyaci makarantu 32 da aka zaɓa don gasar Maris suka buga wasa ɗaya-ɗaya a filin a watan Agusta.

Al'adun gasar

Ana buɗe gasar da faretin dukkan ƙungiyoyi, sannan kyaftin ɗaya ya yi rantsuwa a madadin sauran. Ana busa jiniya a farkon kowane wasa da ƙarshensa, 'yan wasa kuma su jeru su rusuna wa juna. Bayan wasa waɗanda suka yi nasara sukan tsaya a jere a rera taken makarantarsu, ana ɗaga tutarta. Ranar 15 ga Agusta da tsakar rana ana tsayar da wasa a yi shiru na minti ɗaya don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. A rumfunan Alps kuwa 'yan badujala na makaranta da ɗalibai da iyaye da tsofaffin ɗalibai suna kiɗa da kirari duk lokacin da nasu ke bugu. Wasu sukan kwana a mota daga garuruwa masu nisa don su halarta.

Al'adar da aka fi sani ita ce ɗibar ƙasa. 'Yan wasan da aka doke sukan durƙusa a gaban bencinsu, da yawa suna kuka, su kwashi ƙasar filin a jaka su tafi da ita gida. Wasu su ajiye, wasu su watsa ta a filin makarantarsu. A 1958 makarantar Shuri ta zama ta farko daga Okinawa da ta zo gasar, lokacin tsibirin na ƙarƙashin ikon Amurka. An cire ta a wasan farko. Da 'yan wasan suka isa tashar jiragen ruwa ta Naha, dokar hana shigo da ƙasar waje don kare tsirrai ta hau kansu, aka karɓe ƙasar aka zuba a teku. Labarin ya taɓa zukatan jama'a a faɗin Japan, har wasu ma'aikatan jirgin sama suka aika wa makarantar da tsakuwar Koshien, wadda dokar ba ta shafa ba. Okinawa ta koma hannun Japan a 1972, kuma a 2010 makarantar Konan ta can ta lashe gasannin biyu.

Fitattun wasanni da 'yan wasa

A wasan kusa da na ƙarshe na 1933, Chukyo Shogyo da Akashi sun yi zango 25 kafin Chukyo ta ci 1 da nema. A 1992 makarantar Meitoku Gijuku ta ƙi jefa wa Hideki Matsui na Seiryo ƙwallon da zai iya bugawa, ta bar shi ya wuce tashar farko da gangan har sau biyar. Meitoku ta yi nasara da ci 3 da 2, amma 'yan kallo sun fusata, kuma an daɗe ana muhawara a ƙasar kan ko hakan ya dace da wasan ɗalibai. Daga baya Matsui ya yi wa New York Yankees wasa.

A 1998 Daisuke Matsuzaka na makarantar Yokohama ya yi jifa 250 cikin zango 17 a karawarsu da PL Gakuen. Washegari ya sake shiga fili a ƙarshen wasan kusa da na ƙarshe, a rana ta uku kuma ya kammala wasan ƙarshe ba tare da abokan hamayya sun samu ko bugu ɗaya mai kai mutum tasha ba. A 2006 wasan ƙarshe tsakanin Waseda Jitsugyo da Komadai Tomakomai ya tashi 1 da 1 bayan zango 15, aka sake shi washegari, Waseda ta ci 4 da 3. Ichiro Suzuki da Yu Darvish da Masahiro Tanaka da Shohei Ohtani, waɗanda duk suka yi suna a babbar gasar Amurka, sun taka Koshien suna ɗalibai.

Yankunan arewa masu sanyi sun daɗe ba su samu nasara ba. Komadai Tomakomai ce ta fara kai tutar Hokkaido a 2004, Sendai Ikuei kuma ta fara kai ta yankin Tohoku a 2022. A 2023 makarantar Keio ta yi nasara karon farko tun 1916, kuma an lura 'yan wasanta ba su yi ƙwal-kwabo ba, askin da aka daɗe ana ɗauka kamar wajibi. A 2024, shekarar da filin ya cika 100, Kyoto Kokusai ta lashe gasar. 'Yan asalin Koriya mazauna Japan ne suka kafa makarantar, kuma da harshen Koriya aka rera takenta.

Muhawara kan lafiyar 'yan wasa

Tsarin sili-ɗaya-ƙwale cikin kwanaki kaɗan yana sa masu horarwa su dogara ga gwanin mai jifa guda. Yuki Saito na Waseda ya yi jifa 948 a gasar 2006. Tomohiro Anraku na Saibi ya yi 772 a gasar Maris ta 2013 yana ɗan shekara 16. Kosei Yoshida na makarantar aikin gona ta Kanaashi ya yi 881 a 2018, kafin Osaka Toin ta lallasa su 13 da 2 a wasan ƙarshe. Likitoci sun daɗe suna gargaɗin cewa irin wannan yawan jifa yana lalata gwiwar hannu da kafaɗar matashi wanda jikinsa bai gama ƙwari ba. Masu goyon bayan tsohon tsari kuma suna cewa mafi yawan ɗaliban ba za su zama ƙwararru ba, wannan ce damarsu ɗaya a rayuwa.

Muhawarar ta yi zafi a 2019, da mai horar da makarantar Ofunato ya ƙi saka Roki Sasaki a wasan ƙarshe na lardin Iwate don kare hannunsa. An doke Ofunato, ta rasa zuwa Koshien, jama'a suka rabu biyu kan matakin. Sasaki ya zama ƙwararre daga baya, kuma a 2025 ya koma Los Angeles Dodgers.

Hukumar ta kawo sauye-sauye a hankali. A 2018 aka fara tsarin raba gardama, inda ake ɗora 'yan wasa biyu a tashoshi tun farkon zango don a gama da wuri. Da farko daga zango na 13 ake fara shi, tun 2023 kuma daga na 10. A 2020 aka ƙayyade cewa mai jifa ba zai wuce jifa 500 a mako guda ba, aka kuma ƙara ranakun hutu a tsakanin wasannin ƙarshe. Saboda zafin Agusta, wanda kan haura digiri 35 a yankin, an shigo da hutun minti 10 bayan zango na biyar a 2023, a 2024 kuma aka fara gwada raba wasannin wasu ranaku zuwa na safe da na yamma. A 2024 ɗin dai aka koma amfani da sandunan ƙarfe masu rage gudun ƙwallo, don kare mai jifa daga ƙwallon da ke dawowa kansa. An sha ba da shawarar mayar da gasar rufaffen fili mai na'urar sanyaya wuri, amma har yanzu a Koshien ake yin ta.

Ana kuma sukar horo mai tsanani da cin zalin ƙananan ɗalibai a wasu ƙungiyoyi, da yadda makarantun kuɗi ke ɗebo gwanaye daga wasu larduna, abin da ke sa makarantun gwamnati shan wuya kafin su kai gasar.

Mata

Ɗalibai mata ba sa buga waɗannan gasanni biyu. Tun 1996 aka ba su damar zama a benci a matsayin masu rubuta sakamako. Mata suna da tasu gasar ta ƙasa, kuma a 2021 aka buga wasanta na ƙarshe a Koshien karon farko, inda Kobe Koryo Gakuen ta yi nasara.

Makamantan gasar

A cikin Japan, ana buga wasu wasannin larduna a filayen ƙwararru, kamar filin Meiji Jingu na Tokyo, gidan Yakult Swallows, da filin Yokohama, gidan BayStars. A Amurka babu gasar ƙasa guda ta makarantun sakandare, kowace jiha ko birni ke shirya tata. Wasu daga cikinsu sukan kai wasan ƙarshe filin babbar ƙungiya: makarantun birnin Los Angeles a filin Dodgers, na birnin New York a filin Yankees, na jihar Minnesota kuma a Target Field, gidan Twins. A can ɗalibai baƙi ne na yini guda, ana duba ranar da masu filin ba su da wasa a gida. A Koshien kuwa jadawalin ƙwararrun ne ake tsarawa ya kauce wa kwanakin ɗalibai.